Jan harafi a ƙirji: littafin da ɗaliban Amurka ke gudu, malamansu suka ƙi saki

Aka buɗe ƙofar kurkukun garin Boston, wata matashiyar mata mai suna Hester Prynne ta fito rungume da jaririya 'yar wata uku. A ƙirjin rigarta an liƙa harafin A na jan ƙyalle, wato harafin farko na kalmar zina a Ingilishi, an zagaye shi da aikin zaren zinare. Mahukunta ne suka ce ta sa shi har ƙarshen ranta, amma ba wanda ya ce ta ƙawata shi haka. Ita ce ta zauna a tsare da allurarta ta yi masa aikin da ko rigar gwamna albarka. Matan da suka taru a bakin ƙofa sai ƙwafa suke, wata na cewa da ƙarfe mai zafi ya kamata a ɗosa mata a goshi, wata na cewa kisa ne daidai da ita. Aka hau da ita dandamalin katako a tsakiyar kasuwa, ta tsaya awa uku jama'a na kallo. Shugabannin coci suka ce ta faɗi uban 'yar, ta ƙi. Matashin faston da aka tura gaba ya roƙe ta a bainar jama'a ta fallasa mutumin, shi ne mutumin.

Haka littafin The Scarlet Letter, wato Jan Harafi, na Nathaniel Hawthorne yake farawa. Ya fito a Boston a watan Maris na 1850, kuma kwafi 2,500 na bugun farko sun ƙare cikin kwana goma. Yau ya haura shekara 170, amma duk kaka, idan aka koma makaranta, sai ka samu 'yan aji 11 a sakandarorin Amurka, 'yan shekara 16 zuwa 17, riƙe da shi suna ƙunƙuni. A cikin littattafan manhaja, kaɗan ne ɗalibai suka tsana kamarsa, kuma kaɗan ne malamai suka daɗe suna jayayya a kansu kamarsa.

Yadda ya yi kaka-gida a aji ba wani abin mamaki ba ne. Amurka ba ta da manhajar ƙasa guda ɗaya. Jihohi ne ke tsara ma'auni, gundumomin ilimi sama da 13,000 su zaɓi littattafai, wani lokaci ma malamin aji ne ke da ta cewa. Duk da haka zaɓin yakan zo kusan iri ɗaya. Binciken da Arthur Applebee ya fitar a 1989 ya nuna kashi 62 cikin 100 na sakandarorin gwamnati suna koyar da littafin, yana cikin goman farko tare da wasannin Shakespeare. Da aka fito da ma'aunin bai ɗaya na Common Core a 2010, an sake jero shi cikin misalan abin da ya dace ɗan aji 11 ya iya karantawa. Sannan al'ada ce a ware aji 11 ga adabin Amurka, a bi shi daki-daki bisa tarihi, kuma tarihin kan fara ne da Furitaniyawa. Ga wani dalilin da ba a cika faɗa ba: littafin ba shi da sauran haƙƙin mallaka, bugunsa araha ne, kuma ɗakin ajiyar kowace tsohuwar makaranta cike yake da kwafinsa. Sauya littafi kuɗi ne, ɗauko wanda ke kan kanta kuwa kyauta.

Su wane ne Furitaniyawan? Kiristoci ne 'yan Ingila masu bin koyarwar John Calvin, waɗanda suke ganin Cocin Ingila bai gama wanke kansa daga al'adun Katolika ba. Daga wannan burin na tsarkake coci sunan ya samo asali, kuma abokan gaba ne suka fara laƙaba musu shi don ba'a. Da matsi ya yi yawa a zamanin Sarki Charles na ɗaya, sai John Winthrop ya jagoranci jiragen ruwa 11 a 1630 suka kafa mulkin Masachusets. Cikin shekara goma mutum kusan 20,000 suka bi sahu. Sun ɗauka akwai alkawari tsakaninsu da Ubangiji a matsayin al'umma guda, don haka zunubin mutum ɗaya barazana ne ga gari duka. Daga 1631 sai cikakken ɗan coci ke da ikon zaɓe. Kundin dokokinsu na 1641 ya sa zina da matar aure cikin laifukan kisa, kuma ba tsoratarwa ce kawai ba: a 1644 an rataye Mary Latham da James Britton a Boston kan wannan laifi. A cikin labarin, an sassauta wa Hester Prynne ne don ana zaton mijinta ya halaka a teku. Dokar liƙa harafin A ma gaskiya ce, sai dai a 1694 aka kafa ta, rabin ƙarni bayan lokacin da labarin ya faru. Hawthorne ya ɗauko ta ya mayar baya.

To, ina gizo ke saƙar? Kowa zai ce harshe ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Jimlolin Hawthorne dogaye ne, jimla ɗaya takan cinye rabin sakin layi, ga tsofaffin kalmomi, ga mutanen labarin suna magana irin ta tsohuwar fassarar Baibul. Kafin ma a shiga labarin akwai doguwar gabatarwa game da ofishin kwastan na garin Salem, wadda a wasu bugu ta doshi shafi 40, inda marubucin ke zolayar tsofaffin ma'aikata masu gyangyaɗi a kan kujera. Malamai da yawa tsallake ta suke yi. Ɗalibi kuma ya ji an ce littafin zina ne, ya gyara zama, sai ya tarar an gama komai shekara guda kafin shafin farko. Kalmar zina ko sau ɗaya ba ta fito a cikin labarin ba. Masoyan biyu ba su samu keɓewa sun yi doguwar magana ba sai a babi na 17 cikin 24. Yaron da ya saba da bidiyon daƙiƙa 30 ya ga an ce ya jira haka, sai ya nufi SparkNotes, shafin intanet mai taƙaita littattafai, ko yanzu ya tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta taƙaita masa.

Amma a ganina harshen ƙaramar matsala ce. Ɗaliban nan suna karanta Shakespeare, wanda Ingilishinsa ya fi wannan tsufa da wuya. Babbar matsalar ita ce littafin yana da zamani uku a cikinsa, kuma aji yakan cakuɗa su wuri guda. Akwai Boston ta 1642 zuwa 1649, inda labarin ya faru. Akwai 1850, lokacin da aka rubuta shi. Akwai kuma yau, inda ɗalibin ke zaune. Tazarar da ke tsakanin Hawthorne da mutanen labarinsa shekara 200 ce, ta fi tazarar da ke tsakaninsa da mu. Duk da haka ɗalibai da yawa suna gama zangon karatu suna zaton shi ma Bafuritane ne mai ba da labarin maƙwabtansa.

Ba maƙwabtansa ba ne, kakanninsa ne, kuma abin na damunsa. An haife shi a Salem ranar 4 ga Yuli, 1804. Kakansa na farko da ya zo Amurka, William Hathorne, alƙali ne da ya yi suna wajen gallaza wa Kiristoci mabiya ɗariƙar Kwaika, har da sa a yi wa mace bulala a kan titi. Ɗan wannan, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita ta Salem a 1692, wadda aka rataye mutum 19 a cikinta, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Marubucin ya ƙara harafin w a sunan gidansu, kuma mutane da yawa na ganin don ya nisanta kansa ne. A waccan gabatarwar da ake tsallakewa ya faɗa da bakinsa cewa ya ɗauki kunyar kakanninsa ya ɗora wa kansa, sannan ya amsa cewa halinsu na nan cakuɗe da nasa. Wanda ya tsallake ta ya tsallake mabuɗin littafin. A cikinta ne kuma za ka ji ɗacin mutumin da aka kora daga aiki: ya riƙe muƙami a kwastan daga 1846, jam'iyyar da ba tasa ba ta ci zaɓen 1848, aka sallame shi a 1849, jaridu suka yi ta yawo da sunansa. A bazarar nan mahaifiyarsa ta rasu. Mutumin da gari ya gama cin namansa ne ya zauna ya rubuta labarin matar da gari ya tsayar a kasuwa.

Shekarar 1850 tana da nata hayaniyar. Shekara biyu kafin nan aka yi taron farko na neman 'yancin mata a garin Seneca Falls na Amurka, Turai kuma ta cika da juyin juya hali. Tunanin Hester a babi na 13, inda take ganin sai an rushe tsarin zaman jama'a an sake gini kafin mace ta samu adalci, ba tunanin 1640 ba ne, na zamanin marubucin ne. Kuma shi kansa bai saki jiki da wannan tunani ba, yana yaba mata yana ja mata birki. Malamin da ya gabatar da shi a matsayin gwarzon kare mata ya manta da wasiƙarsa ta 1855 inda ya zagi marubuta mata da suka fi shi kasuwa.

Idan aka rasa wannan rarrabewar, darasin yakan koma abu mai sauƙi: Furitaniyawa mugaye ne munafukai, Hester jaruma ce, mu kuma mun waye. Ɗalibi ya rubuta haka a sakin layi biyar, ya ci maki, bai koyi komai ba. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne abokan tafiyar littafin a manhaja. Sau da yawa ana fara karanta wa'azin Jonathan Edwards na 1741 kan masu zunubi a hannun Ubangiji mai fushi, wanda ya zo shekara ɗari bayan zamanin Hester. Sai a bi da wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953, The Crucible, kan shari'ar maita, wanda a gaskiya martani ne ga farautar 'yan gurguzu ta zamanin Sanata McCarthy. Miller ya ɗaga shekarun yarinyar da ta jagoranci zarge-zargen zuwa 17 don ya ƙulla soyayyar da tarihi bai san da ita ba, kuma alƙali Hathorne yana cikin mutanen labarin wasan. Makarantu da yawa ma sun fi son wasan, don ya fi gajarta kuma ana iya raba wa ɗalibai su karanta da murya. Sakamakon shi ne yaro ya fita da hoto ɗaya tak: baƙaƙen tufafi, wutar jahannama, igiyar rataya.

Mutanen sun fi haka faɗi. Su suka kafa jami'ar Harvard a 1636. Dokarsu ta 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da karatu da rubutu, don kada Shaiɗan ya raba mutane da littafi mai tsarki. Wato makarantar gwamnatin da ɗalibin ke zaune a ciki yana zaginsu, tana da tushe a wurinsu. Sun hana bikin Kirsimeti daga 1659 zuwa 1681, amma suna shan giya, suna sa tufafi masu launi, kuma cocin Boston ta taɓa korar mutum don ya ƙaurace wa shimfiɗar matarsa. Wannan ba wanke su ba ne. Sun kori Anne Hutchinson don ta saɓa wa malamansu, kuma Hawthorne ya ambace ta tun a babin farko. Sun yaƙi 'yan asalin ƙasar sun ƙwace filayensu.

Wurin da na ga malami ya fi shan wuya shi ne faston, Arthur Dimmesdale. Hester ba ta da wuyar so: ta ɗauki hukuncinta, ta zauna a wata 'yar bukka a gefen gari, tana ɗinki tana ciyar da kanta da 'yarta Pearl, tana jinyar marasa lafiya, har bayan shekara bakwai mutane suka fara cewa A ɗin nan na nufin Able ne, wato mai iyawa. Shi kuwa ɗalibai kallon matsoraci kawai suke yi masa. Tambayarsu guda ce: me ya hana shi faɗa, ko su tattara su gudu? Don a amsa wannan dole a shiga aƙidarsa. A koyarwar Calvin, Ubangiji ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun fil azal, aiki ba ya sayen tsira, kuma mutum yakan yi ta binciken zuciyarsa yana neman alamar ko yana cikin zaɓaɓɓu. Ba su da ɗakin furta zunubi a asirce irin na Katolika. Dimmesdale ba shi da inda zai sauke kayansa sai gaban jama'a. Yana azumi har ya galabaita, yana yi wa kansa bulala a ɗaki, hannunsa kullum dafe da ƙirji, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya hau mumbari ya ce shi ne mafi zunubin kowa, jama'a su ce kai, ji tawali'un waliyyi. Ya san za su ji haka tun kafin ya buɗe baki, don haka gaskiyar da ya faɗa ta zama sabuwar ƙarya. Wanda bai yarda akwai zunubi ba, ko da na tsawon karatun ne, ba zai ga abin da ke cin mutumin nan ba.

A nan malamin makarantar gwamnati ke taka tsantsan. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1963 ya hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati, amma ya bar ƙofar koyar da ilimi game da addini ba tare da wa'azi ba. Bisa doka ba abin da ya hana malami bayanin ƙaddara da alheri da tuba. A aikace kuwa, aji ɗaya na iya ƙunsar ɗan gidan masu tsananin riƙo da Baibul, da Bayahude, da Musulma, da wanda bai taɓa shiga wurin ibada ba, kuma bayan kowane akwai iyaye masu lambar wayar shugaban makaranta. Sai malamai da yawa su kauce, su koma farautar alamomi. Me furen da ke bakin kurkuku yake nufi? Me daji yake nufi, me hasken rana yake nufi? A jera amsoshi a allo, a haddace, a zuba a jarrabawa. Abin ban haushi, littafin kansa yana yi wa wannan ɗabi'ar dariya. A babi na 12 wani haske ya keto sama da dare, faston ya ga harafin A ya ɗauka asirinsa ne aka rubuta a sararin samaniya, washegari mutanen gari suka ce ai Angel, wato mala'ika, yake nufi, don Gwamna Winthrop ya rasu a daren. Alama ɗaya, kowa ya karanta abin da ke ransa. Ko a ƙarshe, da faston ya yaye rigarsa a kan dandamali ya amsa laifinsa ya faɗi ya mutu, marubucin bai yanke hukunci ba: wasu sun ce sun ga harafi a fatar ƙirjinsa, suka kawo dalilai uku mabambanta, wasu suka rantse ba su ga komai ba, har ma ba su ji ya amsa wani laifi ba. Ka ɗauki irin wannan littafi ka yi masa jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, ka yi abin da mutanen Boston suka yi ke nan, ka liƙa wa harafin ma'ana guda.

Akwai wani aikin gida da ya yaɗu sosai. A ce kowane ɗalibi ya zaɓi harafin da ke wakiltar wani aibinsa, ya yanka a kwali, ya ƙawata, ya rataya a ƙirji wuni guda. Sai ka ga farfajiyar makaranta cike da yara ɗauke da harafin lalaci ko na jinkirta aiki, an yayyafa masa ƙyalƙyali, ana dariya ana ɗaukar hoto. Niyyar mai kyau ce, amma kowa aibin da ba ya jin kunyarsa yake zaɓa, kuma idan ƙararrawa ta kaɗa ya cire ya jefa a shara. Ga shi a cikin ajin nan ba mamaki akwai yarinyar da hotonta ya taɓa yawo a wayoyin 'yan makaranta, ko wadda ta dawo bayan haihuwa. Ita ba ta buƙatar kwali. Malamai masu lura sun gane cewa ɗaliban yau sun fi iyayensu sanin dandamalin kasuwa, don nasu yana aljihunsu, kuma intanet ba ta mantuwa. Daga wannan ƙofar littafin yakan buɗe musu: me ya sa ita ake gani shi ba a gani, kuma wa ya fi shan azaba, wadda aka tona ko wanda ya ɓoye? Sai dai kwatancen na da iyaka. Masu zagi a intanet ba sa iƙirarin ceton ran wanda suke zagi. Mahukuntan Boston kuwa sun yi imani suna yi wa Hester gata ne.

Masu cewa a ajiye littafin suna da hujja. Tun farko ya sha suka: a 1851 wani limamin coci, Arthur Cleveland Coxe, ya rubuta cewa labarin ƙazanta ne da bai kamata a buga ba. Sukar yau daga wani ɓangare take. Wata ƙungiyar malamai da ta taso a 2018 da taken DisruptTexts tana tambayar me ya sa jerin littattafan ya cika da fararen fata maza da suka daɗe da mutuwa, alhali yanzu fararen fata ba su kai rabin ɗaliban makarantun gwamnati ba. A littafin, 'yan asalin ƙasar 'yan kallo ne a gefen kasuwa. An buga shi a shekarar da aka kafa dokar kamo bayin da suka tsere, amma marubucin a 1852 tarihin abokinsa Franklin Pierce ya rubuta don yaƙin neman zaɓensa na shugaban ƙasa, yana kare sassauci ga masu bayi. Wasu malaman kuma lissafi kawai suke yi: mako biyar ko shida a kan littafin da rabin aji ba su buɗe ba, da an ba su wanda za su karanta fa? Shi ya sa wasu suka koma karanta zaɓaɓɓun babuka, musamman hawa dandamali uku na babi na 2 da na 12 da na 23, wasu su maye gurbinsa da gajerun labaran Hawthorne, wasu su haɗa shi da sabon littafi mai jigo irin nasa.

Ni dai ina ganin yanka shi gunduwa-gunduwa ya fi ajiye shi muni, don abin da littafin ke yi sai da tsawon lokaci: shekara bakwai ana kallon harafi yana sauya ma'ana, ana kallon mijin Hester, Roger Chillingworth, wanda ya ɓoye sunansa ya zama likitan faston yana kwana gida ɗaya da shi, yana rikiɗa daga wanda aka zalunta zuwa azzalumi. Idan za a koyar, a ba shi lokacinsa, a karanta shafukan farko da murya har kunne ya saba, a faɗa wa ɗalibai tun ranar farko wane ne uban Pearl tunda ba labarin gano mai laifi ba ne, a kuma yi bayanin aƙidar da gaske. Idan ba a da wannan lokacin, a ɗauki wani littafin.

Sai babi na ƙarshe, wanda ke rikita duk wanda ya zo da amsarsa a aljihu. Faston ya mutu, Chillingworth ya bi shi cikin shekara guda ya bar wa Pearl dukiya mai yawa, uwa da 'ya suka haye teku. Hester ta tsira, ba mai sauran iko da ita. Bayan shekaru sai ga ta ta dawo ita kaɗai, ta buɗe tsohuwar bukkarta, ta ɗauki jan harafin ta mayar ƙirjinta, alhali marubucin ya ce ko alƙali mafi tsanani ba zai tilasta mata ba. Mata masu damuwa suka riƙa zuwa wurinta neman shawara. Ɗalibin da ya rubuta cewa Hester 'yar tawaye ce sai ya tsaya cak a nan, wanda ya rubuta cewa ta tuba ta miƙa wuya shi ma sai ya tuna aikin zaren zinare. Da ta rasu aka binne ta kusa da faston, an bar 'yar tazara tsakanin kaburburan biyu, dutse ɗaya a kansu, kuma abin da aka zana a jikinsa harafin ne.